Aikin dutse: Yadda ake gane gwani kafin a damƙa masa kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Maigatari da Damagaram, ya san cewa da zarar Allah Ya buɗa wa mutum, tunanin farko shi ne gini: sito, ko shago, ko gidan iyali. Saboda yadda ruwan damina ke cin gindin bango, mutane da dama sun koma sa dutse a harsashi da matakala da bakin taga da fuskar gida. Masu neman irin wannan aiki kuwa sun yi yawa, kuma mafi yawansu shaida guda suke gabatarwa, wato sun yi aikin gini a Libiya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne abin da ya faru da wani ɗan'uwana mai sayar da hatsi. Ya ba wani matashi aikin gindin sito da bakin tagogi, saboda kawai ya shaida masa cewa ya yi shekaru yana gini a garin Gudduwa. Aikin ya yi kyau a ido ranar da aka gama. Amma damina ɗaya ta tona asiri, domin duwatsun sun riƙa ɓarewa falle-falle, ruwa ya bi ƙasan taga ya shiga bango, buhunan wake na layin baya suka yi fumfuna. Kuɗin gyara da hasarar kaya sun fi kuɗin aikin. Matashin bai yi ƙarya ba, ya je Gudduwa, sai dai ba a tambaye shi wane irin gini ya yi a can ba.

Me ake ginawa a Gudduwa?

Gudduwa, wadda Larabawa ke furtawa da harafin gaini, gari ne na dabino a kudu da Sabha, a yankin Fezzan na kudancin Libiya. 'Yan ci-rani da suka taso daga Agadas suka bi ta Dirku da Gatrun, wannan yanki suke fara iskewa kafin su shiga Sabha, kuma da yawa a nan suke fara samun aikin lebura. Hanyar ba sabuwa ba ce, ita ce ta fatake tun zamanin kakanni. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem sun mulki Fezzan daga garin Taragan, kuma ta Murzuk Bature Heinrich Barth ya ratsa a 1850 kafin ya iso Kano a 1851.

To amma mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, tsofaffin garuruwan yankin kamar Murzuk da ƙasa aka gina su, sababbin gidaje kuwa galibi bulo ne da siminti. Saboda haka wanda ya yi shekara biyar a can yana iya zama birkila na gaske, ba tare da ya taɓa daidaita fuskar dutse ko guda ba. Na biyu, ƙasar ba ta da ruwan sama. In ban da shekarun ambaliya irin ta garin Gat a 2019 da ta Sabha a 2024, abin da kan sauka a Sabha a shekara bai kai ruwa ɗaya mai ƙarfi na watan Agusta a Katsina ba. Kuskuren da hamada ke rufa wa asiri shekara ashirin, damina ɗaya ke fallasa shi a ƙasar Hausa.

Wannan ba ya nufin Fezzan ba ta san aikin dutse ba. Kusa da garin Jarma, kimanin kilomita 150 yamma da Sabha, akwai wani ginin kabari da ake kira Kasar Watwat, na zamanin mutanen Garamanti, wanda ya kusa shekara 2,000. An gina shi da dutsen yashi da aka sassaƙa murabba'i, da matakalai a gindi da ado a kusurwoyi. Masu binciken tarihi na Italiya sun yi aiki a wurin a shekarun 1930, daga baya ayarin Farfesa David Mattingly na Ingila ya sake nazarin yankin daga 1997. Haka nan a Zuwila akwai kaburburan sarakunan Banu Khaɗɗab, waɗanda suka yi mulki daga ƙarni na 10 zuwa na 12, da aka lulluɓe da sassaƙaƙƙen dutse. An yi wa gine-ginen gyara a zamanin baya.

Sana'a uku ce, ba ɗaya ba

Kafin a yi ciniki, ya kamata mai gini ya san cewa masu taɓa dutse iri uku ne. Akwai mai fasa dutse, wanda ke samar da tsakuwa da manyan gutsattsari. Akwai mai jera dutse, wanda ke ɗaukarsa yadda ya zo ya tayar da bango, irin aikin da ake gani a ganuwar Surame da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16. Sannan akwai mai sassaƙa, wanda ke mayar da dutse daidai da awo, ya fitar masa da fuska da kusurwa da ƙirar gefe. Na ukun nan shi ne mai wuyar samu, shi ne mai tsada, kuma sunansa aka fi ci da shi.

Jarrabawar dutse guda

Ɗan kasuwa ba ya sayen sa sai ya duba haƙori, ba ya sayen gero sai ya tura hannu cikin buhu. Haka ya kamata a yi wa mai sassaƙa. A ba shi dutse guda da kuɗin yini guda, a zauna a gani.

Abu na farko, a bar shi ya zaɓi dutsen da kansa. Gwani zai ƙwanƙwasa shi da guduma ya saurara. Lafiyayyen dutse yana amsawa da ƙara mai kaifi, mai ɓoyayyen tsagi kuwa amonsa a dushe yake kamar fasasshiyar tukunya. Zai kuma juya shi ya nemi kwanciyarsa, domin dutsen yashi da na farar ƙasa, irin na Kalambaina da Malbaza, shimfiɗa-shimfiɗa aka halicce su. A bango ana kwantar da su yadda suka kwanta a ƙasa. Idan aka tayar da shimfiɗar tana fuskantar waje, ruwa zai riƙa ɓare ta, wanda shi ne ainihin abin da ya sami ɗan'uwana. Marmara kuma tana da laushi lokacin da aka haƙo ta, sai ta sha iska take ƙara tauri, saboda haka wanda ya san ta yana yanka ta da wuri, ya bar ta ta bushe kafin a ɗora mata nauyi. Baƙin dutse irin na Damagaram ba ya shan ruwa sosai, amma yana cin cizal da lokaci.

Abu na biyu shi ne fuska. Gwani ba ya faɗa wa tsakiyar dutse. Yana fara sassaƙe siririn layi a gefe ɗaya, ya yi na biyu a gefen da ke kallonsa, ya ɗora miƙaƙƙen katako a kan kowane, ya durƙusa ya hanga da ido ɗaya. Idan katakan biyu sun yi daidai, fuskar ba ta murɗe ba, sannan ya cire tsakiya. Mai gini na iya dubawa da kansa: ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da a kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, ya duba ko haske na ratsawa ta ƙasa.

Abu na uku, kusurwa. Idan babu sikwaya, tef ɗin awo ya wadatar. A auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗaya gefen, to tazarar da ke tsakanin alamun biyu dole ta zama 50 cif. Idan ta gaza ko ta wuce, kusurwar ta karkace, kuma karkacewar dutse ɗaya kan bi bango har sama.

Abu na huɗu, wanda a nan ake raba gwani da ɗan koyo, shi ne ƙirar gefe, wato lanƙwasa ko tudu ko kwarin da ake fitarwa a bakin taga da matakala da saman ginshiƙi. Gwani yana yanka samfurin ƙirar a jikin kwano, ya zana shi a ƙarshen dutsen duka biyu, sannan ya riƙa rage dutsen kaɗan-kaɗan da miƙaƙƙun sara har lanƙwasar ta fito. Idan ya gama, a ɗauki samfurin a bi da shi tun daga wannan baki har wancan. Ya kamata ya zauna ko'ina ba tare da giɓi ba. Sannan a sa ya yi na biyu, a haɗa su baki da baki. A aiki mai kyau tazarar mahaɗa ba ta cika wuce milimita 5 ba. Wanda ke cike giɓi da tulin siminti, kuskurensa yake binnewa da kuɗin mai gida.

Abu na biyar, a leƙa ƙasan dutsen bakin taga. Ya kamata samansa ya ɗan gangara waje, a ƙasansa kuma a sami siririn kwari da aka tsaga daga wannan gefe zuwa wancan, wanda ke sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. A zuba ruwan buta a gani. Mai sikeli kuma na iya auna gutsuren dutse a bushe, ya jiƙa shi kwana guda ya sake aunawa. Wanda nauyinsa ya ƙaru sosai bai dace da gindin bango ba.

Takarda da ƙura

Wasu za su nuna takarda. A Nijeriya Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ba da shaidar gwajin sana'a mai aji uku, a Nijar kuma akwai takardar CAP ta makarantun koyon sana'a. Takardun suna da amfani, amma a duba ko ta aikin bulo ce ko ta dutse. Hoton waya kuwa ba shaida ba ne, domin kowa na iya tsayawa gaban ginin wani. Abin da ya fi shi ne a nemi ganin aikin da mutum ya yi a nan gida wanda ya ci damina biyu ko uku.

A lura kuma da yadda yake riƙe injin yanka. Ƙurar dutsen yashi da ta baƙin dutse tana taruwa a huhu ta haddasa ciwon da ba ya warkewa, wanda wani lokaci akan ɗauka tarin fuka ne. Mai yanka da ruwa, ya rufe hanci da idanu, ya nisantar da yara, ya nuna cewa a hannun masana ya koya.

Daga ƙarshe, idan mutum ya ci jarrabawa, a ajiye dutsen gwajin da samfurin kwanon a hannun mai gida, su zama ma'aunin sauran aikin. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, in da hali har da Sarkin Magina ko shugaban magina na garin, a biya bisa adadin duwatsun da suka dace da samfur, a kuma riƙe wani kaso sai ruwan farko ya sauka. Wannan kariya ce ga ɓangarorin biyu, domin akwai 'ya'yanmu da suka sha wuyar hamada suka dawo da sana'a ta gaske, amma masu cika baki sun karya musu farashi. Gwajin yini guda zai fitar da su fili, ya kuma hana ɗan kasuwa cinikin biri a sama. Allah Ya sa mu dace.