Taswirar da Ke Ƙirga Mintoci Zuwa Kafanchan

Idan jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu muddin ba a kai mata ɗauki ba. Shi ya sa masu tsara harkar lafiya suka koma auna nisan asibiti da agogo. A 2015, kwamitin mujallar Lancet kan aikin tiyata ya ɗauki sa'o'i biyu a matsayin iyakar lokacin da ya kamata majiyyaci ya isa inda za a yi masa aikin gaggawa.

Wannan ma'auni ya ƙara nauyi a kudancin Kaduna tun 2025, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da asibitin Sir Patrick Yakowa na Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Su wa za su iya isa can a kan kari?

Akwai manhajar da ke lissafa amsar. AccessMod, ta Hukumar Lafiya ta Duniya, tana yayyanka ƙasa ƙananan murabba'ai, a ba kowanne gudun tafiyarsa: kwalta daban, burji daban, turbar ƙafa da hawan duwatsun Kagoro daban. Sai a ɗora bayanan matsugunan jama'a, irin waɗanda shirin GRID3 ke tattarawa, taswira ta fito da launuka: masu rabin sa'a, masu sa'a guda, da waɗanda suka haura biyu.

Irin wannan taswira ba ruwanta da iyakar jiha. Mutumin Kagarko ya fi kusa da Abuja, na Gwantu yana maƙwabtaka da Akwanga ta Nasarawa, Kafanchan kanta kuma ta fi kusa da Jos a kan birnin Kaduna. Kasafi da takardar tura majiyyaci kuwa iyakar suke bi.

Sai dai manhaja abin da aka ɗura mata take maimaitawa. Gudun da aka ba hanyar burji a Janairu ƙarya ne a Agusta, sa'ad da rafi ya kawo, babur ya tsaya a gaɓa. Ba ta san lokacin da ake ɓatawa wajen neman abin hawa ba, balle hanyoyin da direbobi ke ƙauracewa da dare saboda tsoro. Mafi muni shi ne ɗigon da ke tsaye a matsayin asibiti. Jihar Kaduna ta yi shirin inganta cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa 255, abin a yaba, amma ƙaramar cibiya ba ta fiɗa, ba ta ajiye jini. Wanda ya ƙirga ta daidai da babban asibiti zai samu taswira mai kyan gani da ba ta amfani mai naƙuda da komai.

Saboda haka, kafin jami'i a Abuja ya sa hannu kan inda za a girke motar ɗaukar marasa lafiya a yankin, ya dace ya nemi taswira biyu, ta rani da ta damina, ya kuma tambayi ranar da aka je ƙafa da ƙafa aka tabbatar akwai likita, jini da wuta a kowane ɗigo.