Ciwon Dajin Gado Da Tsoron Gwajin Magani

A danginmu na Shinkafi, ciwon dajin mama ya yi ajalin gwaggona, bayan 'yan shekaru ya ɗauke babbar 'yarta. Da na je gida kwanan baya, autarta ta tambaye ni: "Yaya, in likitoci suka nemi in shiga gwajin magani, in yarda?" Kafin in amsa, kawunmu ya ce, "Kun manta da Kano ke nan?"

Ba mu manta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Sai dai gudun ma yana da nasa hasarar. Masana sun gano cewa tangarɗa a ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, tana ƙara haɗarin dajin mama da na ƙwan mace. Idan uwa ko uba na ɗauke da ita, kowane ɗa yana iya gadonta, rabi da rabi. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, aka wallafa a 2018, ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na matan da ke da dajin mama suna ɗauke da tangarɗar gado. Wannan labarin matan Kudu ne. Muddin muka ƙaurace wa bincike, da awon jikin wasu za a riƙa yi mana magani.

Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa: dole a yi wa mutum bayani ya fahimta, ya amince don raɗin kansa, kuma yana iya janyewa duk lokacin da ya so. Ni na ƙara da cewa bayanin ya zama da Hausa, a ɓoye sakamakon don kada ya hana yarinya aure, a kuma ɗauki nauyin zuwa Gusau ko Sakkwato, tunda hanyar Ƙauran Namoda ba ta da tabbas.

Abin da na gaya wa ƙanwata shi ne: ki tambayi wane kwamiti ya amince da binciken, wa zai kula da ke in an samu matsala. In amsar ta gamsar da ke, ki shiga, ko don 'ya'yanki mata.