Zanen da ke jikin kukokin hamadar Tanami na iya ɓacewa kafin a gama tattara shi

A arewa maso yammacin Ostareliya akwai wata itaciya da mutumin Maraɗi ko Damagaram zai gane da gani ɗaya: ƙaton ciki, da rassa kamar saiwoyi sun kalli sama. Ƴar uwar kukar Sahel ce, can ana ce mata boab. A jikin wasu daga cikinta ne mutanen da suka yi zane da sassaƙa.

A shekarar 2021 wata tawagar masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin Farfesa Sue O'Connor ta Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ta shiga hamadar Tanami tare da ƴan asalin yankin. Wuri ne da babu hanyar mota ta kirki. Sun samo kukoki 12 masu zane, aka buga sakamakon a mujallar Antiquity a 2022. Mafi yawan zanen na maciji ne, sai sawun jimina irin ta can da na kangaru. A gindin itatuwan an tarar da duwatsun niƙa da kayan aiki na dutse, alamar mutane sun yi zango a inuwarsu.

Baƙo zai ɗauka layuka ne kawai masu lanƙwasa. Ƴan asalin wurin da ke cikin tawagar kuwa sun gane Lingka, macijin da ke cikin labarin kakanninsu, wanda hanyarsa ta ratsa wannan ƙasa. Ba don su ba, da binciken ya tsaya a kan ɗaukar hoto.

Sanin shekarun zanen yana da wuya, domin cikin kuka laushi ne da zare-zare, ba ya nuna shekaru ƙarara kamar itace mai tauri. Amma akwai abin gwadawa. A gaɓar Careening Bay, ma'aikatan jirgin ruwan Ingila mai suna Mermaid sun sassaƙa sunan jirgin da shekarar 1820 a jikin wata kuka, kuma har yau ana karanta shi.

Abin da ke sa masu binciken gaggawa shi ne yadda kuka ke mutuwa. Tsawa, gobarar daji ko tsufa suka kama ta, ba ta barin kututture. Rushewa take yi ta zama tarin zare, zanen ya tafi da ita.