Masu Kallo da Hirarsu a Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

A yayin nazarin wasan kwaikwayo, ɗalibai sun saba mayar da hankali ga jigo da zubi da tsari da salo da kuma taurari. Sau da yawa akan manta da mai kallo, alhali kuwa dominsa aka shirya wasan. Wannan mantuwa ta fi yin illa a nazarin wasan kwaikwayo mai dogon zango, domin shi wasa ne da aka gina shi a kan hirar da masu kallo ke yi tsakanin wata fitowa da wadda za ta biyo baya. Wannan babi zai bayyana asalin irin wannan wasa a Amurka, da dalilan da suka sa masu sha'awarsa ke tattaunawa a kansa, da yadda hirar kan gangara zuwa ga tsofaffin shirye-shirye da siyasa. Daga nan za a dubi yadda lamarin yake a ƙasar Hausa, da abin da malami zai tsinta a ciki.

1.1 Ma'ana da Asali

Wasan kwaikwayo mai dogon zango shi ne wanda ake gabatarwa kashi-kashi a rediyo ko talabijin, taurarinsa ba su sauyawa, labarinsa kuma ba ya ƙarewa a fitowa guda. Na rana daga cikinsa ya samo asali ne a gidajen rediyon Amurka. A shekarar 1930 wata marubuciya mai suna Irna Phillips ta fara gabatar da shirin Painted Dreams a gidan rediyon WGN da ke birnin Shikago. Ba a daɗe ba kamfanonin sabulu, musamman Procter & Gamble, suka ga cewa matan aure na gida da rana suna aikace-aikace tare da sauraron rediyo, sai suka riƙa ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye-shirye don tallata hajarsu. Wannan ne ya sa Amurkawa suka laƙaba musu sunan da ke nufin "wasan sabulu".

A farko kowace fitowa minti 15 ce, daga Litinin zuwa Juma'a. Shirin Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, ya shiga talabijin a 1952, bai tsaya ba sai a 2009, wato shekara 72 ke nan. Wannan na nufin kaka da uwa da jika duk sun bi labarin gidaje iri ɗaya.

1.2 Siffofin da ke Haifar da Hira

Akwai siffofi uku da suka sa wannan wasa ya zama abin tattaunawa. Ta farko ita ce yanke labari a daidai inda hankalin mai kallo ya tashi. Akan ajiye mafi zafin yankewar zuwa ranar Juma'a, domin masu kallo su kwana biyu suna hasashe da musu. Ta biyu ita ce yawan zaren labari: akan tafiyar da labarai uku ko huɗu a lokaci guda, kowane mai kallo kuma ya zaɓi gwaninsa. Ta uku ita ce dogon tarihi. Wanda ya shekara ashirin yana kallo ya san wa ya taɓa auren wa, wa ya ci amanar wa. Saboda haka kallon da tauraruwa ta yi wa wata, wanda sabon mai kallo ba zai ga komai a cikinsa ba, shi yana ganin tsohuwar gaba. Ta haka tsohon mai kallo kan zama tamkar malami ga sabo.

Tun a shekarun 1940 wata masaniya, Herta Herzog, ta yi bincike a kan matan da ke sauraron waɗannan shirye-shirye. Ta gano cewa suna samun sauƙin damuwarsu, suna kwatanta rayuwarsu da ta taurari, sannan suna ɗaukar shawarwari game da zaman aure da tarbiyya. Ke nan hirar masu kallo ba ta tsaya ga labarin kawai ba. Mutum kan fake da matsalar tauraro ya faɗi ra'ayinsa a kan abin da kunya ba za ta bari ya faɗa game da gidansa ba. Girman wannan sha'awa ya bayyana a watan Nuwamba na 1981, lokacin da kimanin mutum miliyan 30 suka kalli ɗaurin auren Luke da Laura a shirin General Hospital.

1.3 Kewar Tsofaffin Shirye-Shirye

A wajajen 1970 akwai irin waɗannan wasanni na rana har 19 a manyan tashoshin Amurka. Daga baya mata da yawa suka fita aiki, tashoshi suka ƙaru, kuɗin talla ya ragu. As the World Turns ya tsaya a 2010, All My Children kuma ya bar tashar ABC a 2011. Waɗanda suka rage a yau ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wannan ya sa hirar masoyansu ta cika da tuna baya da cewa na da sun fi na yanzu.

Ya kamata mai nazari ya yi hattara da wannan hukunci. Wani lokaci gaskiya ne, domin rage kuɗi kan rage ingancin rubutu. Amma sau da yawa abin da mai magana ke kewa shi ne ƙuruciyarsa, da ɗakin da ya yi kallon, da mahaifiyar da suka kalla tare. Har ila yau, ƙwaƙwalwa kan riƙe fitowa biyar masu armashi, ta watsar da ɗari da ba su ƙayatar ba.

1.4 Inda Siyasa ke Shigowa

Siyasa kan shiga hirar ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce katse shiri saboda labarin ƙasa. A ranar 22 ga Nuwamba, 1963, masu kallon As the World Turns ne suka ga an katse shirin an sanar da harbin Shugaba Kennedy. A 1973 kuwa, da tashoshi suka riƙa nuna zaman majalisar dattawa kan badaƙalar Watergate da rana, masu kallo da dama sun kai kuka cewa an hana su wasanninsu, har tashoshin suka koma nuna zaman bi da bi.

Ƙofa ta biyu ita ce jigo. Marubuciya Agnes Nixon ta saka batun yaƙin Biyetnam a All My Children a farkon shekarun 1970, inda wata uwa ta yi jawabin adawa da yaƙin. A 1973 kuma shirin ya taɓo batun zubar da ciki. Irin waɗannan batutuwa kan raba masu kallo gida biyu: wasu na ganin wasa madubin al'umma ne, dole ya nuna abin da ke faruwa, wasu kuma na ganin sun zo hutawa ne, ba sauraron huɗuba ba.

1.5 Yadda Lamarin Yake a Ƙasar Hausa

Talabijin ya iso Kaduna a 1962, Kano kuma ta sami tashar jiha ta CTV a farkon shekarun 1980, wadda a yanzu ake kira ARTV. Wasannin da suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980, irin su Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Karambana na marigayi Kasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo, sun bambanta da na Amurka ta fuska biyu: mako-mako ake nuna su, kuma yawanci kowace fitowa na ɗauke da labarinta. Sai dai da yake akwatin talabijin bai wadata ba a lokacin, akan taru a gida guda ko a wurin kallo na unguwa, sharhi kuma ya fara tun ana cikin kallo, ya ci gaba a majalisa da teburin mai shayi.

Tsarin labari mai ci gaba ya kankama sosai bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014. Daɗin Kowa ya taɓo almajiranci da shaye-shaye da halin 'yan gudun hijira. Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, ya shiga siyasa kai tsaye ta hanyar ƙagaggiyar jihar Alfawa, inda ya nuna maguɗin zaɓe da cin hanci da matsin lamba ga 'yan jarida. Ƙagaggen suna na ba mai kallo damar kushe gwamnan Alfawa a bainar jama'a, alhali kowa a majalisar ya san inda zancen ya dosa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda ya daɗe da sanin habaici da zaurance da tatsuniyar Gizo da sarki.

1.6 Amfanin Wannan ga Malami

Ɗalibin da ya kasa bayyana jigon littafin wasan kwaikwayo a aji, shi ne zai shafe rabin sa'a yana kare gwaninsa a wasan da ya kalla jiya, yana kawo hujja daga fitowar da ta wuce. Wannan nazari ne, sai dai bai san sunansa ba. Aikin malami shi ne ya ɗora darasi a kan wannan basira, ya kuma gyara kurakuranta. Dole ɗalibi ya iya bambance ɗan wasa da rawar da ya taka, domin akwai masu tsanar mutum saboda ya fito a mugu. Dole ya riƙa tambayar wanda ya ɗauki nauyin shiri da abin da yake so a gaskata, kamar yadda masu sabulu suka so a sayi hajarsu. Haka kuma idan ya ce na da ya fi na yanzu, a nemi ya kawo hujja daga zubi ko harshe ko jigo. Idan hira ta kai ga siyasa, malami ya tsare ta a kan abin da wasan ya nuna, kada ya mayar da aji dandalin tallata jam'iyyarsa.

1.7 Kammalawa

An ga cewa hirar masu kallo wani ɓangare ne na wasan kwaikwayo mai dogon zango, kuma a cikinta ne al'umma ke auna tarbiyyarta, ta tuna jiya, ta kuma yi wa shugabanninta hisabi. Malamin da ya koya wa ɗalibansa kafa hujja a wannan hira ya koya musu nazarin adabi, ya kuma shirya su ga sauraron 'yan siyasa da kunnen basira.