Kunne shi ne mai tsaron baki

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka san muryarka tana isa kunnenka ta hanya biyu? Ta farko ita ce iska, daga baki zuwa kunne. Ta biyu ita ce ƙasusuwan kai. Ƙashi ya fi ɗaukar sauti mai kauri. Gwada ka gani: toshe kunnuwanka da yatsu, ka ƙirga daga 1 zuwa 5. Ka ji yadda muryar ke gunji cikin kanka? To, hanyar ƙashi ke nan.

Yanzu akwai wani irin tabarau na kwamfuta da ake ɗaurawa a kai, ya rufe ido ruf. Ɗaya daga cikinsu, Oculus Rift, ya shiga kasuwa a 2016. Mutum yana zaune a ɗaki, amma sai ya ga kamar yana tsakiyar fili ko babban zaure. Ana wasa da shi, ana koyon aiki, har taro ake yi da mutanen nesa. Mutane da yawa suna haɗa shi da abin sauraro mai rufe kunne.

Nan fa matsala take. In kunne ya rufu, hanyar iska ta ragu. Ga kuma ƙarar na'ura. Sai mutum ya kasa auna muryarsa. Tun 1911 wani likita na Faransa, Etiyan Lambar, ya nuna cewa in ƙara ta hana mutum jin kansa, yakan ɗaga murya bai sani ba. Ido kuma yana ganin mutane can nesa, sai baki ya ƙara ƙarfi. Maƙogwaro ya gaji, na kusa su ji abin da ba nasu ba.

Wani lokaci na'ura tana maido ma mutum muryarsa a makare. Jinkirin kashi 1 cikin 5 na sakan ya isa ya sa mai lafiya in'ina.

Mine ne abin yi? Ka rage ƙara. Ka zaɓi irin wanda ke barin kunne a buɗe, ko ka ɗaga gefe ɗaya in za ka yi magana. Ka riƙa hutawa, ka sha ruwa. In zancen na asiri ne, cire tabarau tukuna, ka dubi wanda ke ɗakin. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.