Yaro Ya Ƙara wa Kansa Shekaru a Wayar Uwarsa

Ran wata Juma'a ina dawowa daga kasuwar Wudil, na tsaya wurin mai cajin waya, sai na ga yara uku sun haɗa kai a kan waya guda. Babbansu bai wuce shekara 12 ba. Wasa suke nema, sai wayar ta tambayi shekarar haihuwa. Ko gezau yaron bai yi ba, ya zaɓi 1990. Watau nan take ɗan firamare ya zama magidanci mai shekara 30 da ɗoriya. Da na ce, “Yaro, wayar wa ce?” sai ya ce, “Ta Umma ce.”

To, wannan shi ne abin da za mu duba yau. Da yawa daga cikinmu mun sha cin karo da wannan tambaya ta shekaru, har mukan ƙosa mu danna ko mene ne don mu wuce. Amma ba don a ɓata mana lokaci aka sa ta ba.

Da farko dai, wasannin waya ba ɗaya suke ba. A kantin Play Store kowane wasa yana da lamba a jikinsa: 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. Lambar tana nuna shekarun da ya kamata mai wasan ya kai. Masu 3+ babu abin tsoro a cikinsu. Masu 16+ da 18+ kuwa akan sami kisa da zubar da jini, ko tsiraici, ko caca.

Na biyu, doka ce ta tilasta wa kamfanoni. Tun 1998 Amurka ta kafa dokar da ta hana a tattara bayanan yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ba tare da iznin iyayensa ba. Shi ya sa Facebook da TikTok suka sa 13 ta zama mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520. Daga ciki miliyan 275 tara ce kan bayanan yara, miliyan 245 kuma na mayar wa mutane kuɗin da aka cire musu ba da sonsu ba, har da sayayyar da yara suka yi iyaye ba su sani ba. A Ingila ma, tun Yulin 2025 dole shafukan da ke nuna abubuwan manya su tabbatar da shekarun mai shiga da hujja, ba da faɗin baki ba.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. A Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Dokar ta ce duk mai son karɓar bayanan yaro, watau wanda bai cika 18 ba, sai ya nemi yardar iyaye ko mai riƙo, kuma ya bi hanyar da ta dace ya tabbatar da shekaru. Ashe ke nan, uwargida, iznin da doka ke magana a kai naki ne da na maigida.

Wata za ta ce, “To, in na faɗa sau ɗaya, don me za a yi ta maimaita mini?” Kantin Steam, inda ake sayen wasannin kwamfuta, ya ce hukumomin da ke sa wa wasanni lamba ba su yarda a riƙe shekarun mutum fiye da zama guda ba. Mu kuwa ai mun fi kowa sanin hikimar haka. A gidajenmu waya guda takan zaga hannu biyar kafin magariba: uwa ta kira 'yan'uwa, budurwa ta duba aikin makaranta, yara su karɓa da sunan kunna fitila. Wanda ya amsa tambayar da safe ba shi ne ke riƙe da wayar da dare ba.

Sai dai kuma waya ba ta da ido. Abin da aka gaya mata shi ta sani. Idan asusun da ke ciki na uwa ne, kantin zai ɗauka babba ce ke neman wasan, ba ma lalle ya tambaya ba. In kuwa an haɗa katin banki, yaro yana iya danna saye, kuɗin adashe ya tafi. Haka nan wasanni da dama suna da wurin hira, inda wani ƙato da ba a san ko wane ne ba zai iya yi wa 'yarki magana.

Saboda haka ga shawara. Ki buɗe Play Store, ki shiga saituna, wajen kulawar iyaye, ki zaɓi lambar da ta dace da yaranki, ki kulle da lambar sirri wadda su ba su sani ba. Ki sa wayar ta riƙa neman kalmar sirri kafin kowace sayayya. In yaro yana da tasa wayar, a buɗe masa asusu da ainihin shekarunsa, a haɗa da na iyaye ta manhajar Family Link, kyauta ce. Wadda ba ta iya ba kada ta ji kunya, ta sa wata 'yar'uwa da ta yarda da ita ta nuna mata, amma ba yaron da ake son tsarewa ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ku sani ƙarin shekaru a waya ƙarya ce kamar kowace ƙarya, kuma ku take cuta. Yarinyar da ta ce ita 20 ce alhali 14 take, da hannunta ta cire katangar da aka gina don kare ta. In wani ya dame ki da magana a cikin wasa, ko ya nemi hotonki, ki gaya wa mahaifiyarki nan da nan.

Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da dare, in yara sun kwanta, kowace uwa ta ɗauki wayarta ta duba wasannin da ke ciki da lambar kowanne. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mun sadu a fili na gaba.