Mai Birki a Tsakiyar Jirgi: Bayani Kan Wani Tsohon Abin Wasa na Melbon

A cikin abubuwan nishaɗi da Turawa suka ƙirƙira akwai wani ɗan jirgi mai tafiya a kan dogo, wanda ba ya kai mutum ko'ina sai dai ya hau tudu da shi, ya gangaro, ya mayar da shi inda ya ɗauko shi. Faransawa suna kiransa "duwatsun Rasha", domin asalinsa daga tuddan ƙanƙara ne da mutanen Rasha suke ginawa suna sulɓi a kai tun ƙarni na 17. A wannan takarda zan kira shi jirgin hawa-da-gangara, don kuwa kalmar lilo ko shillo ba ta ɗauke ma'anarsa ba.

Wanda zan yi bayani a kansa yana filin wasa na Luna Park, a unguwar St Kilda ta birnin Melbon, ƙasar Ostareliya. An buɗe shi a watan Disamba na 1912, ana kuma lissafa shi a matsayin mafi tsufa cikin ire-irensa da ba su daina aiki ba. Sunansa Scenic Railway, wato jirgin kallon ƙasa. Da katako aka kafa shi, tsawon dogonsa mita 967, ya kuwa kewaye filin kamar ganuwa. Ƙofar filin ita kanta abin kallo ce: wata ƙatuwar fuska ce mai buɗaɗɗen baki, ta cikin bakin ake shiga.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne jirgin ba shi da inji a jikinsa. Igiyar ƙarfe ce take jan sa a hankali zuwa ƙolin tudu, sannan ta sake shi. Daga nan nauyinsa ne kaɗai yake tafiyar da shi, kamar amalanken da aka saki a gangare. Gudun da ya samu a gangaren farko shi yake hawa tudu na gaba da shi. A ƙoli mutum yakan hangi tekun Port Phillip shimfiɗe, amma kafin ido ya ƙoshi an riga an sulale ƙasa. Katakai suna ƙara, kujera tana jijjiga, mutum ya ji kamar an bar hanjinsa a sama. Dalilin wannan kuwa, a lokacin gangara jiki da kujera suna faɗowa tare, saboda haka kujerar ba ta tokare mutum yadda ya saba, sai ya ji nauyinsa ya ragu.

To, a nan ne wannan jirgi ya bambanta da na zamani. A 1919 wani Ba'amurke mai suna John Miller ya yi rajistar dabarar sanya ƙafafu a ƙarƙashin dogo, waɗanda suke riƙe jirgi kada ya tashi sama komai gudunsa. Na Melbon ya girmi wannan dabara da shekara 7, ba shi da irin waɗannan ƙafafu. Idan ya iso kan tudu da gudun da ya wuce kima, ba abin da zai danne shi a kan dogo sai nauyinsa. Don haka ne ake sa mutum guda ya tsaya a tsakiyar jirgin, tsakanin taragu, riƙe da wani dogon sandan birki. Fasinjoji suna zaune suna ihu, shi kuwa yana tsaye, yana jan sandan yana sassautawa.

Aikin nan ba na garaje ba ne. In ya matse birki da yawa, jirgi zai rasa ƙarfin haye tudu na gaba. In ya yi sake, gudu ya fi ƙarfin dogo. Bugu da ƙari, jirgin da ya cika da manya ba ya tafiya kamar wanda ya ɗauki yara ƙalilan, haka nan iska da danshi suna sauya gudun. Ke nan dole mai birki ya san kowace kwana da kowane tudu, kamar yadda direba ya san ramukan hanyar garinsu. A ganina wannan shi ne daɗin abin, ba gudun ba, domin iyakar gudunsa wajen kilomita 60 ne a awa, alhali na zamani da yawa sun ninka haka.

Ba Melbon kaɗai aka bar wannan tsari ba. A lambun Tivoli da ke Kofanhegan, ƙasar Danmak, akwai wani na katako tun 1914, haka kuma a garin Great Yarmouth na Ingila akwai na 1932, dukansu da mai birki a ciki. Sai dai a waɗannan biyu an yi masa wurin zama. Na Melbon a tsaye yake yin tafiyar, tun daga tashi har ya ja sandan jan ƙarshe, jirgi ya tsaya a tasha.